Jama'a Ta Taru Ko Jama'a Sun Taru? Gyara Kan Suna Tattarau A Darasin Turanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da malaman Turanci na makarantunmu, da ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO da JAMB, da kuma sakatarorin ƙungiyoyi da duk mai rubuta takardar ofis. Maganar a kan suna tattarau ce a nahawun Turanci, wato kalmar da siffarta ta abu ɗaya ce amma cikinta taro ne, irin su committee, family, team, staff da government. Wannan ɗan ɓangare yana cinye wa yaranmu maki ba gaira ba dalili, kuma a ganina laifin yana ga yadda ake koyar da shi.

Abin da aka saba rubuta wa yara a allo shi ne: suna tattarau tilo ne, aikataunsa ma tilo ne. Yaro ya haddace, ya shiga jarrabawa, ya rubuta "The police is investigating the matter", mai duba takarda ya zagaye masa da jan biro. Wani ya ga "The committee are divided" a jaridar Landan, ya ɗauka Baturen ne ya yi tuntuɓe. Ƙa'idar rabin gaskiya ce. An tara kalmomi iri uku masu halaye daban-daban an zuba a buhu ɗaya, aka ɗaure bakin buhun da ita.

Abin takaicin shi ne ɗan Bahaushe ya zo aji da mabuɗin wannan darasi a bakinsa, ba a nuna masa ba. Muna cewa "Jama'a ta taru a filin Idi", muna kuma cewa "Jama'a sun watse, kowa ya kama gabansa". Ba wanda zai ce ɗaya daga ciki ba Hausa ba ce. A jimlar farko ido ya hango taron a dunƙule, kamar daga kan tudu. A ta biyu ya sauko ya ga mutane ɗai-ɗai. Haka idan aka ce wa magidanci "Yaya iyali?" sai ya ce "Suna lafiya ƙalau", alhali kalmar iyali ba jam'i ba ce a siffa. Wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanci nahawun Larabci ya san wannan da sunan ismul jam'i, irin su ƙaumu. To abin da Baturen Ingila ke yi ke nan da family da committee.

Mu fara da kashi na farko, sunayen tattarau na ainihi: committee, family, team, class, crowd, audience, jury, crew, board, council, government, company, army. Shaidarsu ita ce ana ƙirga su kamar kowane suna: a committee, two committees, a family, ten families. Da zarar kalmar ta ɗauki s ɗin jam'i, magana ta ƙare, aikatau jam'i ne: "Both committees have met." Ruɗani yana zuwa ne idan tana tilo. A Turancin Birtaniya, wanda shi makarantun Najeriya da Gana suka gada, mai magana ne ke zaɓa gwargwadon abin da yake nufi. "The committee has submitted its report": kwamiti ya miƙa rahoto, murya ɗaya, takarda ɗaya. "The committee are arguing among themselves": 'yan kwamiti suna jayayya da junansu, kuma da yake abu ɗaya ba ya jayayya da kansa, jam'i ne ya dace.

Sai dai ba ko'ina zaɓin ke hannun mai magana ba. Idan ana zancen girman taron, ko adadin mutanen da ke cikinsa, ko ranar da aka kafa shi, tilo ne dole: "The committee consists of seven members", "The Senate has 109 members", "The board was set up last year". Ba 'yan majalisa ɗai-ɗai ne ke da mambobi 109 ba, majalisar ce. Idan kuma aikin irin wanda mutum ɗai-ɗai ke yi ne, kamar zama a kujera ko sana'a ko komawa gida, jam'i ya fi zama daram: "The audience are taking their seats", "My family are all traders". A duba waɗannan jimloli biyu da kyau, don su kaɗai sun isa darasin rabin awa: "My family is big" na nufin gidanmu muna da yawa, "My family are big" na nufin mutanen gidanmu ƙattai ne. Kalma ɗaya aka canja, ma'ana ta koma wani gari.

Amurkawa ba su cika bin wannan hanya ba. Su kusan kullum tilo suke sawa, "The team is playing well", "The government has agreed", in kuma suna son nuna mutanen ciki sai su ƙara kalma su ce "the members of the committee are". Shi ya sa matashin da ke zuwa gidan kallon ƙwallo yake jin mai sharhi na Ingila yana cewa "Arsenal are winning" ko "Nigeria have scored", ya dawo ya ga manhajar gyaran rubutu a wayarsa ta ja wa irin wannan jimla layi. Kowannensu daidai ne a gidansu. Amma sunan da siffarsa jam'i ce tun asali, kamar Super Eagles ko Kano Pillars, jam'i yake ɗauka ko'ina: "Kano Pillars are at home." Sunan ƙasa, in ba 'yan wasanta ake nufi ba, ko na babbar hukuma kuwa tilo ne ko da ya ƙare da s: "The United Nations has 193 member states", "The United States is sending a delegation". Wannan ma a hankali ya zauna. Gyara na 13 na tsarin mulkin Amurka, na shekarar 1865, da their ya ambaci ƙasar, kamar yadda ake ambaton jam'i.

Inda yaranmu suka fi faɗuwa a wannan kashi ba wajen zaɓar tilo ko jam'i ba ne, wajen tsayawa kan abin da suka zaɓa ne. Hausa ta yarda ka ce "Jama'a ta taru, suna jiran sarki", ka fara da ta ka ƙare da suna, kunne bai ji komai ba. Sai yaro ya ɗauko wannan ya kai Turanci: "The committee has submitted their report." A hirar baki Turawa ma kan yi haka, amma a rubutun jarrabawa da na ofis ƙafa ɗaya ce a jirgi, ɗaya a gaɓa. Wurare uku ne dole su jitu: aikatau, da wakilin suna, da kalmar haɗi who ko which. Tilo yana tafiya da has, its, which. Jam'i da have, their, who. A ce "The team, which has lost its captain", ko a ce "The team, who have lost their captain". Mai nuni kuwa ba ya canjawa, this family ake cewa ko da aikatau jam'i ne zai biyo. These family ba Turanci ba ne. Ya kamata malami ya tuna wa aji cewa s a jikin suna alamar jam'i ce, amma a jikin aikatau alamar tilo ce: "the team plays", "the teams play". Yara da yawa a nan suke ɓacewa tun kafin a zo kan suna tattarau.

Ga ɗalibin da ke gaban tambayar zaɓi-ɗaya, shawarata ita ce kada ya taɓa amsa sai ya karanta jimlar har aya. Mai tsara tambaya yakan ajiye alama a wutsiyar jimla. In ya ga their, ko themselves, ko one another, jam'i ake nema. In ya ga its ko itself, tilo. In babu wata alama, kuma kalmar ta wannan kashin ce, ya ɗauki tilo, domin shi ne ba ya zama kuskure a Landan ko a Amurka. A rubutun insha'i kuma akwai ƙofar baya: in shakka ta kama shi, ya rubuta "members of the committee", ya sa jam'i, ya wuce.

Kashi na biyu shi ne wanda ƙa'idar allo ke halakarwa. Kalmomi ne da ba su da s amma jam'i ne tsantsa, ba su san tilo ba: police, people, cattle, personnel, haka ma clergy a mafi yawan amfani. Hausa ta riga ta faɗa mana gaskiyarsu: police 'yan sanda ne, cattle shanu ne, people mutane ne. Wa zai ce "'yan sanda ya kama ɓarawo"? Saboda haka "The police have arrested two men", "The cattle are grazing", "People are waiting". Ba a sa musu a a gaba, ba a liƙa musu s a baya. Ɗan sanda guda a police officer ne, ba a police ba. Saniya guda a cow ce, sa kuma a bull; cattles babu ita. Dillalin kara da zai rubuta adadi sai ya ce "fifty head of cattle", head ɗin ma babu s. Amma a lura, idan aka kira hukumar da cikakken sunanta, shugaban jimlar ya canja: "The Nigeria Police Force has issued a statement", domin a nan Force ce ake magana a kanta, ita kuwa 'yar kashi na farko ce.

People tana da fuska biyu. Da ma'anar mutane, jam'in person ce. Da ma'anar al'umma ko ƙabila, suna ne da ake ƙirgawa: "the Hausa are a trading people", "the peoples of West Africa", wato al'ummomin Afirka ta Yamma. In ba wannan ake nufi ba, peoples kuskure ce.

A wannan kashin ne kuma za a sa sifar da aka ɗora wa the ta zama sunan rukunin mutane: the poor, the rich, the blind, the elderly, the faithful. Jam'i ne, kuma ba su karɓar s. Duk Sallah sai an ga kanun labari na Turanci yana cewa "Muslim faithfuls", alhali "the Muslim faithful were" ne daidai. Haka lokacin zaɓe ake cika ganin electorates ana nufin masu jefa ƙuri'a. The electorate ita ce jimillar masu zaɓe a dunƙule. Mutanen da ke layi kuwa voters ne. Personnels ma haka, "security personnel were deployed" ya wadatar. Youth tana buƙatar hattara: "the youth of this town" matasan gari ne baki ɗaya, amma "three youths" samari uku ne, kuma jaridun Ingila sun fi amfani da ita a labarin rigima. Wanda ke son ya ce matasa cikin mutunci, young people ta fi masa.

Staff ta cancanci a tsaya a kanta, don babu ofishin da ba a yi mata rauni. Ma'anarta dukkan ma'aikatan wuri ne a haɗe. "The staff are on strike" daidai ne, "We have a staff of forty" daidai ne, a Birtaniya har "forty staff" ana cewa. Abin da bai yiwuwa shi ne mutum ɗaya ya zama staff. "I am a staff of the ministry" ya kamata ta zama "I am a member of staff" ko "I am on the staff of the ministry". Sanarwar da ke cewa "all staffs should attend" a cire mata s. A staff guda ɗaya da za ka riƙe a hannu sanda ce, kamar staff of office, sandar girma da gwamna ke miƙa wa sabon sarki.

Kashi na uku ba ma suna tattarau ba ne a haƙiƙa, kama ce kawai ta sa aka haɗa su. Su ne sunayen tarin kaya da Turanci ba ya ƙirgawa: furniture, equipment, luggage, baggage, machinery, stationery, jewellery, clothing, tare da information, advice da evidence. Tilo ne kullum, ba a, ba s, kuma much da little suke ɗauka, ba many da few ba: "The equipment is old", "How much luggage do you have?" In ana son ƙirgawa sai a aro ma'auni: a piece of furniture, three items of equipment, a piece of advice. Dalilin kuskurenmu a fili yake. Hausa tana da kayayyaki, da bayanai, da shawarwari, da hujjoji, duk jam'i lafiyayyu, sai hannu ya rubuta equipments, informations, advices, evidences. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka bi ta Faransanci abin ya ninku musu, domin a can ma ana jam'inta waɗannan kalmomi, kuma kalmar 'yan sanda a Faransanci tilo ce.

Akwai ginin jimla da ke haɗa suna biyu da of, wanda ke jan ɗalibi ya bi sunan da ya fi kusa da aikatau. A "A herd of cattle is crossing the road", garke ne ke ƙetarawa, herd ce shugaba, don haka is. Haka "The bunch of keys is missing", "The list of candidates is out", "The House of Representatives has 360 members". Amma wasu kalmomin sun daina zama shugabanni, sun koma ma'auni kawai, sai aikatau ya bi sunan da ke bayan of: a number of, a lot of, a couple of, the majority of, the rest of, half of. "A number of students are absent" na nufin ɗalibai da dama ba su zo ba. "The number of students is rising" na nufin adadin ne ke ƙaruwa. A number jam'i, the number tilo. Wannan kam a haddace shi. "The majority of voters are women", amma "The rest of the money is safe". A group of da a team of suna tsakiya, duka biyun sun halatta. Jerin nan da ake sa 'yan firamare su rera, a pride of lions, a gaggle of geese da sauransu, wanda da yawansa daga littattafan farautar Ingila na ƙarni na 15 ya samo asali, ba laifi ba ne a san shi, amma lokacin da ake ɓatawa a kansa ya fi amfaninsa. Herd, flock, swarm, bunch, fleet da crowd sun ishi yaro rayuwa.

Yanzu sai mallaka, wadda ita ce ta fi sa ni ɗaukar alƙalami. Ɗan waƙafin nan na sama da Turawa ke kira apostrophe, a wurinmu harafi ne mai sauti, shi ne a jama'a da sa'a da 'ya'ya. A Turanci ba a furta shi ko kaɗan. A tsohon Turanci ana nuna mallakar sunaye da yawa da ƙarin es a ƙarshe. Da aka daina furta e ɗin, sai aka sa wannan alama a gurbinsa, alamar da Ingilishi ya aro daga masu ɗab'in Faransa a ƙarni na 16. Sakamakon haka kalmomi uku suka zama sauti ɗaya a kunne: committees, committee's, committees'. Hausa ba ta da wannan matsala. Mu muna liƙa alamar mallaka ne a jikin abin da aka mallaka, mu bar mai shi da siffarsa: shawarar kwamiti, shawarar kwamitoci. Kunne na jin bambancin. Don haka gwajin da ya fi sauƙi ga ɗan Bahaushe shi ne ya mayar da jimlar Hausa a zuciyarsa. In "kwamitoci" ce kawai, committees, babu waƙafi. In "na kwamiti" ne, committee's. In "na kwamitoci" ne, committees'.

Ga babban abin da nake so malamai su riƙe: aikatau yana iya bin ma'ana, amma waƙafin sama siffar kalma yake bi, ba ruwansa da yawan mutanen da ke ciki. Kwamiti mai mutum talatin, in kwamiti ɗaya ne, "the committee's decision" ne. Ko da ka rubuta "The family are quarrelling", gonarsu "the family's farm" ce. Yaro kan yi tunanin tun da mutanen suna da yawa, waƙafin ya koma bayan s, sai ya rubuta familys' ko families', na farkon babu shi a Turanci, na biyun kuma gidaje da yawa yake nufi.

Hanyar da ba ta kuskure taki uku ce. Ka fara rubuta mai mallakar shi kaɗai, yadda yake, tilo ko jam'i, ba tare da tunanin waƙafi ba. Sannan ka dubi ƙarshensa: in jam'i ne da ya ƙare da s, ɗora waƙafi kawai, in ba haka ba, ɗora waƙafi da s. Daga nan ka rufe waƙafin da abin da ke bayansa da yatsa, ka karanta abin da ya rage, dole ya zama kalmar Turanci ta gaske kuma ita kake nufi. Gwada da children: jam'i ne, bai ƙare da s ba, ya zama children's. Wanda ya rubuta childrens' in ya rufe waƙafin zai ga childrens, kalmar da babu ita. Haka women's, men's, people's. Kalandarmu ma malama ce a nan: Children's Day ranar 27 ga Mayu, International Women's Day ranar 8 ga Maris, waƙafi kafin s, Workers' Day ranar 1 ga Mayu, World Teachers' Day ranar 5 ga Oktoba, waƙafi bayan s. Allon makarantar 'yan mata Girls' Secondary School ya kamata ya ɗauka. In aka rubuta Girl's, makarantar yarinya ɗaya ce. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuma Old Boys' Association.

Tilon da ya ƙare da s tun asali yana ruɗa mutane, amma ƙa'idar ba ta canja ba: class tilo ce, don haka "the class's result", sakamakon aji ɗaya; "the classes' results", na azuzuwa. Family ta zama family's, jam'inta families ya zama families'. Company da company's, companies da companies'. A kula da y ɗin nan: jam'i ne ke mayar da shi ies, mallaka ba ta taɓa shi.

Idan sunan dogo ne, alamar tana zuwa ƙarshen sunan baki ɗaya, ba jikin kalmar farko ba: "the House of Assembly's resolution", "the Emir of Kano's palace". In kalmar ƙarshe jam'i ce mai s, waƙafi kawai: "the Board of Governors' meeting", "the United Nations' position". In abin ya yi wa harshe nauyi, a juya shi da of: "the resolution of the House of Assembly". Wannan juyin ne ma ya fi dacewa da 'yan kashi na biyu da na uku. The police's ba haramun ba ce amma ba ta da daɗin ji, "a statement by the police" ta fi. "The rights of the poor" ake cewa, da "the price of the furniture". Mutum biyu da suka haɗa abu ɗaya, alama ɗaya a kan na ƙarshe: "Musa and Audu's shop", shago ɗaya na haɗin gwiwa. "Musa's and Audu's shops" kuwa kowa da nasa.

Sau da yawa ma ba a buƙatar waƙafin. Turanci kan jera suna biyu, na farko ya yi aikin sifa, yana faɗin irin abu ba mai abu ba: staff room, staff quarters, police station, cattle market, family house, team captain, class monitor, Government House. Rubuta staff's room ko staffs' quarters a ƙofa kuskure ne. Bambancin shi ne "a government school" irin makarantar ake faɗa, "the government's decision" kuwa wata takamaimiyar gwamnati ce ta yanke. Sunan da ƙungiya ta yi rajista da shi kuma ba a gyara mata shi: Peoples Democratic Party haka take rubuta sunanta babu waƙafi, People's Republic of China da waƙafi, mai rubutu ya kwafa yadda ya tarar.

Sai its da it's, wadda ke bin suna tattarau kamar jela. Waɗannan wakilan suna na mallaka ba su ɗaukar waƙafi ko ɗaya: its, theirs, ours, yours, hers, whose. It's gajeren it is ne ko it has. Duk inda ka rubuta it's, warware ta ka karanta. "The council has changed it's plan" za ta zama "changed it is plan", ka ga ba ta tafi ba, its ake so.

Kada wani ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. Insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne, kuma 10 daga ciki an ware su ne ga tsabtar nahawu da rubutun kalmomi da alamomin rubutu. Kowane kuskure a wannan fanni rabin maki yake ci, kuskure 20 ya share goman. Yaron da ya rubuta wasiƙa ga shugaban makaranta a kan ƙarancin kayan aiki, ya sa equipments sau biyu, staffs sau ɗaya, furnitures, da student's hostel a inda yake nufin na ɗalibai duka, ya zubar da maki masu yawa kafin ya kai rabin shafi, kuma da irin waɗannan 'yan makin ake rabuwa tsakanin kiredit da fas.

Roƙona ga malamai shi ne su ware minti biyar a farkon darasi, sau biyu a mako. Malami ya faɗi abu da Hausa, yara su rubuta da Turanci a allo: asibitin yara, ɗakin malamai, shawarar kwamitoci, gonar iyalinmu, 'yan sanda sun zo, kayan ɗakin sun tsufa, ɗalibai da dama ba su zo ba, yawan ɗalibai ya ƙaru. Duk wanda ya rubuta, a sa shi ya faɗi kashin da kalmar take, ya kuma rufe waƙafinsa da yatsa ya karanta wa aji abin da ya rage. Kai kuma Malam Edita, in da hali, a buɗe ɗan gurbi a shafin ilimi da za a riƙa kawo irin waɗannan jimloli duk mako, a buga amsoshin a fitowa ta gaba, don ɗaliban ƙauyen da ba su da malamin Turanci su samu abin gwada kansu.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Na gode.

Naka,
Wani malamin Turanci na sakandare,
Zariya.